Hoton Ƙwaƙwalwa da Farkon Taɓin Hankali: Me Ya Kamata Ƙasar Ƙonni Ta Ɗauka?

Ciwon nan ba ya sallama kafin ya shigo gida. Saurayi ne ɗan shekara goma sha takwas ko ashirin, wanda aka sani da raha a fada, shi ke dafa shayi, shi ke jan hira. Sannu a hankali sai ya fara janye jiki. Ya daina fitowa, garkar albasar da yake ba ruwa safe da marece ta soma bushewa, dare ya raba a leƙa ɗakinsa a tarar idonsa biyu yana kallon azara. Bayan ƴan watanni ya ce ƴan kabu-kabun bakin tasha da shi suke in sun yi dariya, mai magana a rediyo kuma saƙo yake aiko masa. Wata rana mahaifiyarsa ta miƙa masa fura ya ture ƙwaryar, wai an saka wani abu a ciki. Daga nan a fara jin yana amsa kiran da babu wanda ya ji. Mahaifi ya ce shaye-shaye ne, ya ɗauko bulala. Gwaggo ta ce iska ce ta taɓa shi a fadama, kawu ya ce jifa ne, tun da yaron ya fi tsaransa samu. Ana hayaƙi, ana rubutu, ana sauya malami, damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Ranar da za a kai shi likita, sau da yawa a ɗaure ake saka shi mota, da tabon mari a idon sawunsa.

Duk wanda ya zauna a Birnin Ƙonni, Malbaza, Dogarawa, Badagishiri ko Illela ya san gida ɗaya ko biyu da aka yi haka. Abin da ya ƙaru a ƴan shekarun nan shi ne wata sabuwar shawara da ke shigowa zancen dangi, galibi daga ɗan'uwan da ke ci rani ko wanda ya yi boko: "A kai shi Yamai ko Sakkwato a yi masa hoton kai, a ga abin da ya lalace." Shawarar tana da kan gado, don gani ya kori ji. Shekara kusan hamsin ke nan masana suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar masu taɓin hankali, kuma tun shekarun 1990 suka karkata ga matasan da ciwon ya soma taɓawa. A fahimtata, babbar ribar wannan dogon aiki ta riga ta iso mana ko da na'urar ba ta iso ba. Ya nuna ciwo ne mai gurbi a jiki, yana motsi a daidai shekarun samartaka, kuma watanninsa na farko su ne masu tsada. Bai kai ga ba likita hoton da zai kalla ya ce wane na da ciwon, wane ba shi da shi ba. Gidan da ya riƙe waɗannan biyun tare zai san inda ya kamata kuɗinsa da lokacinsa su tafi.

Kalmar "hauka" ta yi faɗi, ta haɗa mai farfaɗiya da mai baƙin ciki da wanda zazzaɓi ya ruɗa. Abin da ake nufi a nan shi ne halin da mutum ke jin muryoyin da babu su, ko ya ƙudurce wani zato da hujja ba ta girgiza shi, ko zancensa ya warwatse har a kasa kama bakin zarensa. Wani sau ɗaya yake yi a rayuwa ya warke sarai, wani kuwa mafarin ciwon da ake kira sikizofireniya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa wannan ciwo kaɗai yana tare da mutum miliyan 24, kusan ɗaya cikin 300, kuma ya fi farawa daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa ashirin da ɗoriya. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Tawa mutum sama da miliyan 3 da dubu 300, kuma kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Ko an yi rangwame a lissafin saboda yawan ƙananan yara, maganar dubban mutane ake yi a jiha guda, kuma masu shiga shekarun haɗarin bana sun fi na bara yawa.

Na'urorin iri-iri ne. Sikana da hasken hoton ƙashi take aiki, cikin ƴan mintoci ta nuna jinin da ya taru, ƙashin da ya fashe ko ƙari mai girma. Wadda ake ce wa IRM a Nijar, MRI a Najeriya, maganaɗisu ce ƙatuwa mai rami a tsakiya. A kwantar da mutum a siririn gado, a raba shi da duk wani ƙarfe, zobe, agogo, makulli, a toshe masa kunne, a kifa masa wani keji a fuska, sannan gadon ya zame da shi cikin ramin. Minti ashirin zuwa arba'in zai yi ba motsi, na'urar tana ƙara kamar maƙera na dukan ƙarfe a gefen kansa. Sai a auna yadda wannan zai kasance ga yaron da ya riga ya yarda farautarsa ake yi. Abin da ke fita hoto ne mai kaifi, wanda har ake iya auna kaurin ɓawon ƙwaƙwalwa da shi, ɓawon da bai wuce milimita biyu zuwa huɗu ba, inda ƙwayoyin tunani suka yi cincirindo. Ta uku, PET, sawun sinadaran ƙwaƙwalwa take bi, kuma ta manyan cibiyoyin bincike ce.

A 1976 likita Eve Johnstone da abokan aikinta a asibitin Northwick Park na Landan suka saka masu sikizofireniya 17 a sikana, suka ga ramukan ruwan da ke tsakiyar ƙwaƙwalwarsu sun fi na lafiyayyu faɗi. Wannan ya girgiza masu ganin tarbiyya ce kawai ke jawo ciwon, amma ya bar tambaya. Mutanen sun yi shekara da shekaru a asibiti suna shan magani. Ciwon ne ya yi haka, ko maganin, ko zaman? Amsa ba za ta samu ba sai an koma farkon lamarin. A birnin Melbon na Ostareliya, Patrick McGorry ya buɗe cibiyar matasa masu ciwon farko a 1992, bayan shekara biyu shi da Alison Yung suka ƙara sashen waɗanda alamu suka fara leƙowa amma ciwon bai kama su sosai ba. Cikin irin waɗannan ne Christos Pantelis ya ɗauki hoton mutum 75, aka bi su, 23 suka kamu. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna tun a hoton farko waɗanda za su kamu sun ɗan gaza sauran a wasu sassan gefe da goshin ƙwaƙwalwa, kuma da aka sake ɗaukar wasunsu bayan ciwon ya bayyana, raguwar ta ƙaru. A 2015 wani bincike na cibiyoyi takwas a Amurka da Kanada, ƙarƙashin Tyrone Cannon, ya bi matasa 274. Mutum 35 da suka kamu, ɓawon goshin ƙwaƙwalwarsu ya riƙa sirancewa da sauri fiye da na sauran, har ga waɗanda ba su sha magani ba tsakanin hotunan biyu.

Me ke sa shi sirancewa? Kowane matashi lafiyayye ɓawon ƙwaƙwalwarsa yana ɗan raguwa daga balaga zuwa wajen shekara ashirin da biyar, kuma alheri ne. Yaro yana tasowa da mahaɗai tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa fiye da buƙata, kamar yadda manomi ke zuba irin hatsi da yawa a rami guda, in shuka ta fito ya bi ya rage, ya bar biyu ko uku masu ƙarfi don su yi zangarniya. Ƙwaƙwalwa ma tana wannan ragi, kuma sashen goshi, mai riƙe da tsara al'amura da auna magana, shi ne na ƙarshe. Tun 1982 Irwin Feinberg ya yi hasashen cewa a sikizofireniya ragin ne ke wuce gona da iri, sai ga shi a 2016 masu bincike a Harvard sun gano wani nau'in ƙwayar gado da ake kira C4, mai hannu a ragin, yana ƙara haɗarin ciwon. A gefe guda, Oliver Howes a Landan ya nuna da PET a 2009 cewa matasan da ke bakin kamuwa suna sarrafa sinadarin dofamin fiye da kima a can tsakiyar ƙwaƙwalwa. Dofamin shi ke gaya wa mutum wannan abu da muhimmanci, kula da shi. In ya yi ambaliya, sai tarin maƙwabci, kallon mai shago da lambar motar da ta wuce duk su zama saƙo. Yaron da ya ture furar uwarsa ƙararrawar cikin kansa ce ke kaɗawa ba dalili, shi kuma yana neman dalilin a cikin mutanen da ke kewaye da shi. Kusan duk magungunan da ake da su, tun daga Largactil da aka fara gwadawa a Faris a 1952, hanyar dofamin ɗin nan suke rage wa ƙarfi.

To, in haka ne, me zai hana a ɗauki hoton kowane yaro a gane? Girman bambancin ne ya hana. Wata gamayyar masana mai suna ENIGMA ta tara hotunan masu ciwon 2,028 da lafiyayyu 2,540, ta buga sakamako a 2016: sashen da ke ajiye tunawa, hipokampus, ya ɗan fi ƙanƙanta ga masu ciwon, ramukan ruwa sun ɗan fi faɗi. Gaskiya ne, amma sai an haɗa jama'a an raba. A ɗauki garka biyu a Galmi, ɗaya ta sha taki sosai, ɗaya an ɗan rage mata. In aka auna albasa dubu daga kowacce, sikeli zai nuna ta farko ta fi nauyi. Amma a zaro albasa guda a miƙa wa dillalin da ya fi kowa ido a ce ya faɗi garkar da ta fito, sai dai ya kintata, don a mai takin akwai ƙanana, a ɗayar akwai manya. Haka hoton yake. Akwai lafiyayyu masu faffaɗan ramukan ruwa, akwai marasa lafiya da yawa da hotonsu ba shi da aibi ko kaɗan. An gwada koya wa kwamfuta ta hango wanda zai kamu, takan yi abin kirki a asibitin da aka koya mata, in an kai ta wani gari da wata na'ura sai ta yi rauni. Har yau, a Landan ko a Yamai, da tambaya da saurare da lura ake gane ciwon nan. Ɗora rai kan hoto ma yana da tasa illar. In ya fito lafiya lau, wanda shi ne ya fi yawa, sai dangi su ce ai ga shi likita ta ce ba komai, lallai aikin iska ne, a watsar da maganin.

Mai ja da wannan magana yana da hujja mai ƙarfi. A 2023 Graham Blackman da abokansa suka tattara binciken da aka yi kan MRI na masu ciwon farko, suka ga kusan kashi 6 cikin ɗari, wato mutum ɗaya cikin 18, hotonsa ya nuna abin da ya shafi yadda za a kula da shi, don haka suka ba da shawarar a riƙa ɗaukar kowa. A ƙasarmu hujjar na iya fin haka nauyi, tun da abubuwan da ke taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye sun fi yawa. Muna tsakiyar yankin sanƙarau. Annobar 2015 kaɗai ta kama sama da mutum 8,000 a Nijar. Ga masassarar cizon sauro mai hawa kai, ga farfaɗiya, ga faɗuwa daga babur ba hular kwano. Na yarda da duk wannan. Sai dai shawarar ta fi dacewa da ƙasar da na'urar ke cikin asibitin da maras lafiya yake kwance, kuma ba shi ke biya ba. Inda ba haka ba, aikin likita shi ne ya tace. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu tare da zazzaɓi, sanƙarewar wuya, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da amai, mutuwar ɓarin jiki, gani biyu-biyu, rashin sanin wuri ko rana, buguwar kai kwanan baya, ko ciwon da ya fara wa mutum bayan ya haura arba'in, duk waɗannan ba a kwana da su a gida, kuma nan ne hoto ke iya ceton rai. Yaron da ya shafe wata shida yana janye jiki, jikinsa garau, ya san inda yake, muryoyi dai yake ji, hoto ba shi ne farkon buƙatarsa ba.

Lissafin tafiyar ma ya isa a tsaya a yi shi. Daga Ƙonni zuwa Yamai, inda sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa yake, wanda aka sani da Pavillon E, kilomita ce sama da 400, kuma maras lafiya ba ya tafiya sai da ƙarfafa biyu, da kuɗin mota da masauki da abinci, kafin a zo kan kuɗin hoton. Sakkwato ta fi kusa, ga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware tun kafin a shiga birnin. Amma an ga yadda iyaka ta kasance a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, kuma ciwon da ke son a ga likita wata-wata ba a jingina shi da ƙofar da siyasa ke iya rufewa. Gidan da ya sayar da sa ko ya jinginar da gona don hoto guda, shi ne gidan da zai kasa sayen maganin Haldol na watanni masu zuwa, alhali shi ne mai araha, kuma shi yaron ke buƙata.

Abin da ya fi hoto tabbas a duk binciken nan shi ne lokaci. Masana suna auna tsawon zaman da mutum ya yi da ciwon a bayyane kafin ya fara magani, kuma tun nazarin da Max Marshall ya haɗa a 2005 abu ɗaya ake ta samu: gwargwadon daɗewa, gwargwadon wuyar warkewa. A yankin Rogaland na ƙasar Norwe an gwada rage wannan jira a ƙarshen shekarun 1990, da sanarwa a jaridu da rediyo, da faɗakar da malaman makaranta, da ma'aikatan da ke ganin yaro cikin kwana ɗaya in an kira su. Jiran ya sauka zuwa mako 5, alhali a yankunan da aka kwatanta da su mako 16 ne. Bayan shekara goma, kusan kashi 31 cikin ɗari na waɗanda aka kama da wuri sun warke suna sana'arsu, a ɗaya ɓangaren kashi 15. Babu na'ura ko ɗaya a cikin abin da ya kawo wannan bambanci. Masana suna muhawara kan ko jiran da kansa ne ke cin ƙwaƙwalwa, ko kuwa ciwon da ya fi muni ne ke zuwa a ɓoye har a makara, kuma hotuna ba su raba gardamar ba. Ba sai an raba ta ba kafin a ga asarar. A cikin damina biyun da aka yi ana jira, yaron ya bar makaranta, an fasa baikonsa, abokan sana'a sun watse, unguwa ta laƙaba masa suna. Magani na iya kashe muryoyin cikin makonni, amma ba ya dawo da waɗannan.

Akwai masu cewa maganin likita ne ke ƙarasa yaro ya mayar da shi gunki, kuma su ma suna da abin nunawa. Kowa ya ga mai shan maganin da wuyansa ya ƙage, hannunsa na rawa, miyau na zuba. Binciken hoto ya taɓa batun. A 2011 Beng-Choon Ho da Nancy Andreasen a jihar Iowa ta Amurka, bayan sun bi mutum 211 shekaru da dama, sun ga waɗanda suka sha magani mai yawa sun fi raguwar ƙwaƙwalwa. Sai dai tun da masu ciwo mai tsanani ake ba mai yawa, raba laifin ciwo da na magani bai zo da sauƙi ba. Wani gwaji a Melbon da aka buga a 2021 ya raba matasa masu ciwon farko da ƙuri'a, wasu magani kaɗan, wasu ƙwayar da ba komai cikinta, dukkansu kuma da kulawa ta kusa. Cikin wata uku wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa ya ragu ga waɗanda ba su sha maganin ba, bai ragu ga masu sha ba. Abin da likitoci ke bi shi ne, mai ciwon farko ɗan kaɗan ke isarsa, a fara ƙasa-ƙasa a riƙa duba shi. Ƙagewar wuya da zubar miyau alama ce ta a koma a gyara awo ko a sauya magani, akwai kuma ƙwayar da ke warware su. Sau da yawa allura mai nauyi ce ke jawo su, wadda aka danna wa wanda aka kawo a ɗaure bayan ya fi ƙarfin kowa, wato su ma kuɗin makara ne.

Sai maganar da ke zuciyar yawancin iyaye: in iska ce fa, ko sammu? Wannan ƙasa ce da bori ke da tsohon tushe, Masalata tana nan kusa da Ƙonni da al'adunta na tun kaka da kakanni, ga malaman ruƙiya a kowace unguwa. Na'ura nama da ruwa take aunawa, ba ta da ta cewa kan gaibu, kuma likitan da ya fara da raina imanin mutane ya rasa maras lafiyarsa tun a bakin ƙofa. Abin da hoton ya tabbatar ya fi haka sauƙi. Ko me mutum ya ɗauka shi ne sanadi, akwai abin da ke faruwa a naman ƙwaƙwalwa, akwai kuma maganin da ke taɓa shi. Wanda ya faɗo daga bisa ya karye, ko an ce maye ne ya ture shi, addu'a ake yi masa ana kiran mai ɗori a ranar. An ma gwada haɗa hannun a aikace. Farfesa Oye Gureje ya jagoranci wani gwaji a Ibadan da Kumasi, aka buga shi a mujallar Lancet a 2020, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci ke ziyartar masu taɓin hankali a wurin masu maganin gargajiya da na addini, su ba da magani da shawara, mai wurin kuma ya ci gaba da nasa. Cikin mutum 307, waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi sosai a wata shida. Malami ko boka a Bazaga ko Tajaye shi ke fara ganin yaron, watanni kafin kowane ma'aikacin lafiya. In ya san alamun ya ce "ku haɗa da likita", ya rage jiran fiye da kowace na'ura. Abin da ba shi da mazauni a haɗin nan shi ne mari, turu, duka da horon yunwa. Kan da tsoro ya riga ya cika ba ya samun sauƙi da ƙarin tsoro.

Mahaifin da ya ce shaye-shaye ne ma bai kauce gaba ɗaya ba. Garin iyaka ba ya rasa wiwi da tramol, kuma binciken Marta Di Forti a Turai da Barazil a 2019 ya nuna mai shan wiwi kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba sau uku wajen haɗarin kamuwa, in mai ƙarfi ce kusan sau biyar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar ragin samartaka bango ne ɗanye. Amma da yawa cikin masu ciwon ko taba ba su taɓa kusanta ba, musamman ƴan mata da matan aure, waɗanda nasu kan ɓuya a ɗaki. Wasu kuma ciwon ne ya fara, suka nemi ƙwaya don su samu barci. Bulala ba ta warware ko ɗaya.

Za a ce ƙasar da ke fama da tamowa da masassara ina ta ga sararin wannan. Da ginin cibiya da na'urar miliyoyi ake nema, da tambayar ta kashe bakin kowa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorar mhGAP don ma'aikacin da ba ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba ne ya iya gane ciwon, ya fara magani, ya san wanda zai tura gaba. Ƙwararrun a Nijar ƙalilan ne, yawancinsu a Yamai, amma majo, wato babban ma'aikacin jinya, yana kowane ƙaramin asibiti da ake kira CSI, ga asibitocin gunduma, ga babban asibitin jiha a Tawa, ga asibitin Galmi da ke karɓar marasa lafiya tun 1950. Wani aiki da aka yi a Kef Tawun da Ibadan ya nuna allura mai daɗewa a jiki, bayan mako biyu-biyu, haɗe da ma'aikatan jinya masu bin sawun wanda bai zo ba, ta sa yawancin masu ciwon farko sun samu sauƙi cikin shekara. Abin da Rogaland ta yi da jaridu kuwa, Malbaza na iya yi da rediyon gari, limaman Juma'a, malaman makaranta da shugabannin fada.

Duk da haka ba zan ce binciken hoto ba namu ba ne. Kusan duk hotunan da aka gina iliminsa a kansu na mutanen Turai, Amurka, Ostareliya da gabashin Asiya ne. A Afirka, rukunin Robin Emsley na Jami'ar Stellenbosch yana cikin ƙalilan da suka bi masu ciwon farko da MRI. Ƙwaƙwalwar da ta sha tamowa a yarinta, ta tsallake sanƙarau ko masassara mai hawa kai, tana iya ba da labarin da ba a gani a Melbon ba. An kuma ga abin da na'ura guda ke iya yi in an ajiye ta inda tambayar take: a Bulantaya ta Malawi, hoton yara 168 masu masassarar da ta hau kai ya nuna a 2015 cewa kashi 84 cikin ɗari na waɗanda suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai, a cikin waɗanda suka rayu kuwa kashi 27. Babbar MRI tana son wutar da ba ta yankewa da sanyi mai tsanani, kaya ne mai nauyi ga gari mai zafi irin Ƙonni. Amma tun 2020 akwai ƙarama mai ƙafafun turawa, ta kamfanin Hyperfine, da ake jonawa a wutar ɗaki, an kuma riga an yi aiki da ita a Malawi. Hotonta bai kai kaifin babbar ba, amma yana nuna ƙari mai girma, ruwan da ya taru da babban rauni, wato ainihin abin da likitan gunduma ke son cirewa daga zargi.

Kafin ta zo, akwai binciken da ba ya son komai sai littafin rajista da alƙalami. Duk matashin da aka kawo CSI ko asibitin gunduma a ruɗe, majo ya tambayi wanda ya rako shi: "Baba, yaushe kuka fara ganin canji? Kafin girbi ne ko bayansa? Wurin wa kuka fara kai shi?" Ya rubuta amsar da yawan makonni. In aka yi haka shekara ɗaya a Ƙonni, Malbaza da Illela, za a san tsawon jiran a kowace gunduma, a san hannuwan da yaran ke bi kafin su iso, a san malamai da bokayen da ya kamata a fara zama da su. Rogaland ma da haka ta fara: an auna jiran a 1993 da 1994, aka tarar rabin marasa lafiyar sun wuce mako 26, sannan aka shiga aikin da ya sauko da shi mako 5.